Masana'antun Saudiyya na tura kaya waje: ina rabon mai ƙaramin wurin walda?

Wani matashi ɗan Jidda ne ya aiko da tambayar. Ya ce yana da ɗan wurin walda da aikin katako a sana'iyya, wato unguwar masu sana'ar hannu, da ma'aikata shida. Kullum yana jin ana cewa a ƙarƙashin Ru'uya 2030, wato shirin gwamnati na rage dogaro da mai, Saudiyya za ta riƙa fitar da kayan masana'anta zuwa ƙasashen waje, yana kuma ganin tambarin "Suni'a fis Sa'udiyya", wato "an yi a Saudiyya", a jikin kaya. Yana so ya san ko irinsa zai ga wani abu a ciki, ko kuwa harkar ta manya ce kawai. Ya ƙara da cewa yana tunanin sayar da wurin ya kafa 'yar masana'anta, ya fara tura kaya Najeriya da Nijar.

Ƙanena, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Na daɗe a sashen sayayya na wata masana'anta da ke fitar da kaya, ma'ana ni ne mutumin da irinku ke zuwa gabansa da takardar farashi, kuma daga wannan kujerar zan ba ka amsa. Rabo akwai. Sai dai ba ya biyo mutum har shago, kuma ƙofar da yake shigowa ta cikinta daban take da wadda kake hange. Kada ka sayar da wurinka tukuna.

Sai mun fara sanin abin da ake fitarwar, domin mutane da yawa da sun ji an ce kayan masana'anta sai su hango motoci da firji da tufafi. Idan ka ajiye mai a gefe, abin da ya fi cika jiragen da ke tashi daga Jubail da Yanbu da Jidda sinadarai ne da ƙwayar roba, waɗannan ƙananan ƙwayoyi farare da ake ɗurawa a buhu mai kilo 25. Bayansu akwai takin zamani da alminiyom na Ras Al-Khair. Sinadarai da roba sun daɗe a kan gaba, a wasu shekarun ma sun haura rabin duk kayan da ba na mai ba. Tun shekarun 1970 aka dasa tushen wannan: Asusun Bunƙasa Masana'antu a 1974, hukumar masarauta mai kula da Jubail da Yanbu a 1975, sai SABIC, babban kamfanin sinadarai, a 1976. Dabarar ita ce a daina ƙona iskar gas ɗin da ke fitowa tare da mai a banza, a mayar da ita abin sayarwa. An kuma ba manyan masana'antun iskar da arha sosai. Iskar etan ta yi shekaru masu yawa a kan santi 75 na dala kowane ma'auni, sai a 2016 aka ɗaga ta zuwa dala 1.75.

Dalilin da ya sa na kawo maka wannan tarihi shi ne, irin wannan masana'anta biliyoyi take ci kafin ta tsaya, amma mutanen da take ɗauka kaɗan ne idan aka auna da kuɗin da aka zuba. Manyan injinanta da kayan gyaransu mafi tsada daga Jamus da Amurka da Japan suke zuwa. Don haka riyal ɗaya da aka samu daga fitar da sinadari bai kai riyal ɗaya da aka samu daga fitar da biskit ko madara ko kujeru yawan hannayen da yake ratsawa a cikin gida ba. Ka kuma lura, idan ka ji an faɗi babban adadi a labarai na kayan da ba na mai ba, sau da yawa har da kayan da aka shigo da su aka sake fitarwa, irin su wayoyi da injina. Waɗannan masu sito da masu fiton kaya a kwastan suke ciyarwa. Maƙeri ba ya ganin komai a cikinsu.

Shirin Ru'uya 2030 da aka ƙaddamar a 2016 ya ɗora buri biyu kusa da juna. Na farko, kayan da ake fitarwa waɗanda ba mai ba su tashi daga kashi 16 zuwa kashi 50 cikin 100 na tattalin arzikin da ba na mai ba. Na biyu, gudummawar ƙanana da matsakaitan kamfanoni ta tashi daga kashi 20 zuwa 35. Gwamnati da kanta ta san na farkon ba ya jawo na biyun haka kawai, shi ya sa aka yi ta kafa ƙa'idoji. Aramco, babban kamfanin mai na ƙasar, ta fito da shirin IKTVA a ƙarshen 2015 da nufin kashi 70 na sayayyarta ya zama na cikin gida. SABIC ta fito da nata shirin, Nusaned, a 2018. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar da ke kula da kayan gida a sayayyar gwamnati, wadda ke da jerin kayan da dole a sayi na gida in dai kwangilar gwamnati ce. Da abin yana gangarowa da kansa, da ba a sha wannan wahala ba.

To ta ina yake gangarowa?

Hanya mafi kusa da kai ita ce ka zama mai kawo wa masana'antar abin da take buƙata. Mutane suna raina wannan, alhali jerin da ke bi ta teburina kowane wata ya fi ƙarfin lissafi: kwali, buhu, ledar naɗe kaya, takardar da ake liƙawa a jikin kaya, katakon ɗora kaya da ake kira falet, kantocin ƙarfe na sito, keken tura kaya, shingen kariya a gefen inji, gyaran ƙofar kwantena, rigunan ma'aikata, abincin rana, motar ɗaukar ma'aikata. Babu mai hankalin da zai yi odar shingen ƙarfe daga Jamus. Ranar da inji ya tsaya saboda wani ɗan ƙarfe ya tsage, ga jirgi na jira a tasha, wanda zai iso da injin waldarsa cikin awa biyu ya fi mana wani kamfanin Turai da zai turo kaya bayan sati uku.

Bari in ɗauki falet, tunda kana aikin katako. Falet ɗin da za a yi amfani da shi cikin gari, kowa zai iya bugawa. Wanda zai shiga kwantena ya tsallaka teku kuwa akwai ƙa'idar duniya a kansa, ana kiranta ISPM 15, saboda ƙwarin da ke ɓuya cikin katako. Dole a gasa katakon har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30, sannan a buga masa hatimi mai ɗauke da alamar ƙasa da lambar wurin da aka ba izinin gasawar. Idan hatimin nan babu, ko ya goge, ƙasar da aka kai kayan tana iya tsare kwantenar gaba ɗaya. Kayan riyal dubu ɗari uku su kwana a tasha saboda katakon riyal arba'in. Shi ya sa idan muka zo duba wurin mai falet, farashi ne abu na ƙarshe da muke tambaya. Muna tsikara na'urar auna danshi a jikin katako. Muna juya falet mu ga ko akwai ƙusar da ta leƙo wadda za ta huda buhu. Muna auna guda biyar daga tsakiyar tari, mu ga ko tsawonsu ɗaya, domin santimita biyu na iya hana layi na ƙarshe shiga kwantena. Sannan mu ce a kawo littafin da ake rubuta ranar da aka gasa kowane rukuni. A nan yawancin mutanenmu ke faɗuwa. Aikin hannunsu ba laifi, amma komai a ka yake, babu rubutu.

A ganina wannan shi ne babban abin da fitar da kaya ke yi wa ƙananan 'yan kasuwa, ya ma fi kuɗin odar. Mai saye da ke Turai ko Indiya ya matsa wa masana'anta, masana'anta ta matsa wa mai falet, mai falet ya koyi awo da rubutu da cika alkawarin rana. Wanda ya jure shekara biyu yana wannan ya zama wani mutum daban, zai iya shiga kowace masana'anta da takardunsa a hannu. Na ga masu ƙananan wurare da suka fara da gunaguni a kan wannan takura, daga baya su ne suka riƙa zaɓen wanda za su yi wa aiki.

Amma akwai rami a wannan hanya, kuma ya cinye mutane fiye da rashin oda. Manyan masana'antu ba sa biya hannu da hannu. Kwana 60 ne, ko 90, daga ranar da aka karɓi fatura, wato takardar neman biyan kuɗin kaya, wani lokaci ma a wuce. A ce ka samu odar riyal dubu 200 a wata. Mai katako yana son kuɗinsa nan take, ko cikin sati biyu. Albashi ba ya jira, haya ba ta jira. Kafin kuɗin watan farko ya shigo ka riga ka kashe na wata uku daga aljihunka. Ga harajin kashi 15 da ake ɗorawa a kan ciniki tun watan Yulin 2020, wanda a tsarin da aka saba tun daga fitar da fatura yake hawa kanka, ko an biya ka ko ba a biya ka ba. Ita masana'antar da ke fitar da kaya waje sifiri ake caje ta a kan abin da ta fitar, har ma ta nemi a mayar mata da wanda ta biya. Kai ne a tsakiya kake riƙe da nauyin. Abu biyu za su rage maka zafi. Idan cinikinka na shekara bai wuce riyal miliyan 5 ba, kana iya neman hukumar zakka da haraji ta sa ka a tsarin da sai kuɗi sun shigo hannu harajin ke hawa. Akwai kuma shirin Kafala, wanda tun 2006 yake tsaya wa ƙananan kamfanoni a wurin banki. Ka je neman wannan kafin ka sa hannu a kwangila. Wanda ya bari sai albashi ya gagara, banki ba ya sauraronsa da daɗi. Shawarata kuma, kada ka bari mai saye ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na cinikinka. Farashin sinadarai a duniya hawa da sauka yake, kuma duk lokacin da ya faɗi, takarda ta farko da ake turo wa sashenmu ita ce a rage kuɗin masu kawo kaya.

Hanya ta biyu ta mutane ce. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a harkar masana'anta haka abin yake. Sulaiman Olayan, shahararren ɗan kasuwar Saudiyya, ma'aikacin kamfanin mai ne kafin ya fita a 1947 ya kafa kamfaninsa, ya samu aikin jigila a shimfiɗa bututun mai na Tapline. Daga nan gidan ya zama abin da ya zama. A Bangladesh, kamfanin Desh ya tura ma'aikata 130 Koriya ta Kudu a 1979 su koyi ɗinkin tufafin fitarwa a wurin Daewoo, kuma akasarinsu daga baya suka bar kamfanin suka kafa nasu ko suka jagoranci wasu. Haka sana'ar ta bazu a ƙasar. Sai dai ka duba bambancin. Wanda ya koyi ɗinki zai iya farawa da keken ɗinki ashirin. Wanda ya yi shekara goma a masana'antar sinadari ba zai iya kafa irinta ba ko da danginsa duka sun haɗa kuɗi. Abin da yake iya kafawa shi ne kamfanin gyara, ko na duba bututu, ko na kayan kariya. Nan ma dai hidima ce.

Wannan hanyar tana da ɗaci ga mai ƙaramin wuri, kuma gara ka sani tun yanzu. Yaron da ka koya wa walda shekara uku, ranar da hannunsa ya faɗa, babbar masana'anta za ta ba shi albashin da ba za ka iya ba, da inshorar lafiya mai kyau. Idan ɗan ƙasa ne, har lissafinka na Niɗaƙat, wato tsarin da ke auna yawan 'yan ƙasa a cikin ma'aikatanka, ya girgiza. Hayar fili kusa da manyan masana'antu ma tashi take. Ga kuɗin da ake biya a kan kowane ma'aikaci baƙo, riyal 700 zuwa 800 a wata. Tun watan Oktoban 2019 gwamnati ta ɗauke wa masana'antu masu lasisin masana'anta wannan kuɗi, kuma su ne ke samun sassaucin kwastan a kan injina da kayan sarrafawa. Wurin walda mai lasisin baladiyya, wato hukumar gari, kawai ba ya cikin wannan sahu. Kenan kai da wanda ya fi ka girma kuna takara, shi an sauke masa kaya, kai kana ɗauke da naka. Idan har za ka kashe kuɗi a kan wani canji, to ka bincika abin da ake buƙata wurinka ya samu lasisin masana'anta daga Ma'aikatar Masana'antu. Wannan ya fi sayen sabon inji amfani.

Hanya ta uku ita ce ka sayi abin da manyan suka sarrafa ka ƙarasa shi. Kowa yana faɗin wannan da daɗin baki: ga ƙwayar roba a Yanbu da Rabigh, me zai sa a kai ta Sin a dawo mana da ita bokiti? Har filaye aka ware saboda haka, akwai PlasChem kusa da masana'antar Sadara a Jubail, akwai PlusTech a Rabigh. Gaskiyar magana ita ce arhar iskar gas a wurin babban mai sarrafawa take tsayawa. Kai da za ka sayi tan biyar na ƙwaya, farashinka yana bin na kasuwar duniya ne, kuma mai masana'anta a Sin da ke sayen jirgi guda ya fi ka bakin ciniki. Inda za ka fi shi wuri ɗaya ne, wato kayan da ke cin wuri a kwantena: tankin ruwa, bututu, manyan jarkoki, kwandon kaya. Kuɗin jirgi ne ke kare ka a nan. Amma tazbaha da ƙananan tsarabar da alhazai ke kwasa a Makka, waɗanda dubbai ke shiga kwali ɗaya, kada ka gwada. Za a kayar da kai a farashi tun kafin ka biya kuɗin wuta.

Akwai maganar da ba ka yi ba amma dole in yi, domin mu a nan hawa-hawa muke. Akwai Hausawan da 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, ko da a nan aka haife su. Duk abin da na lissafa, daga rajistar zama mai kawo kaya har zuwa Kafala, da sijil na gaskiya, wato rajistar kasuwanci, ake shigarsa. Tsohuwar al'adar nan ta buɗe kamfani da sunan wani ɗan ƙasa, kai kana juya ta a ɓoye, wato tasattur, dokar da aka sabunta a 2020 ta sa mata hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Kuma tun da aka fara faturar lantarki a ƙarshen 2021, kuɗin da ke ratsawa ta babbar masana'anta duk da sawu yake tafiya. Idan iƙama gare ka, hanyar ita ce rajistar mai zuba jari a Ma'aikatar Zuba Jari, kuma a ɓangaren masana'anta doka ta yarda baƙo ya mallaki kamfaninsa ɗari bisa ɗari. Akwai tsada da zirga-zirga, amma dukiyarka da sunanka take.

Sai batun tura kaya gida. A nan kam muna da abin da Balarabe mai masana'anta ba shi da shi. Kana jin harshen, ka san wanda ake yarda da shi a Kantin Kwari da Singa, ka san abin da Hajiya za ta saya a Maraɗi da wanda za ta ɗaga ta ajiye. Matsakaitan masana'antun Jidda masu yin turare da kayan zaƙi da dabinon da aka gyara aka saka a kwali suna son kasuwar Afirka ta Yamma, amma tsoronta suke, don ba su san wanda za su ba kaya ba. Dabino kaɗai abin da Saudiyya ke fitarwa ya haura riyal biliyan ɗaya a shekara. To me zai sa ka gina masana'anta don ka gwada kasuwa? Ka nemi wakilci, ka tura kayan wani, ka ga yadda za su karɓu.

Ka shiga da ido buɗe. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka duk lokacin da naira ta faɗi kayanka sun yi tsada a Kano ba tare da ka ƙara ko halala ɗaya ba. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin watanni tara ta haura 1,500. Duk wanda ya ba da kaya bashi da lissafin naira a lokacin ya san abin da ya gani. Nijar da sauƙi ta wannan fuska, tunda sefa da yuro take ɗaure, amma ba ta da teku, sai kaya sun ratsa wata ƙasar. A Najeriya akwai fom M na shigo da kaya, akwai takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, abinci da kayan shafa kuma sai da rajistar NAFDAC. Abin da alhaji ke wucewa da shi a jaka a matsayin tsaraba, idan ya zama kwantena doka daban ce ke hawa kansa. Tun ƙarshen 2023 kuma rikicin Bahar Maliya ya dagula kuɗin jirgi da lokacin isowa. Bankin tallafa wa masu fitar da kaya da aka kafa a 2020 yana ba da inshora idan mai saye ya ƙi biya, ka tambayi sharuɗɗansu. Ni dai a odar farko ba na sakin kaya sai an biya wani kaso a gaba, ko da ɗan ɗakinmu ne.

Da ni ne kai, zan bar Aramco da SABIC a yanzu, rajistarsu doguwa ce kuma ma'aikata shida ba za su ɗauki odarsu ba. Zan shiga biranen masana'antu na Jidda da ke ƙarƙashin MODON, hukumar da ke kula da su, in nemi matsakaitan masana'antun abinci da na kwali da na kayan gini waɗanda na ga kwantena na fita daga ƙofarsu. Zan nemi ganin mai sayayya, in karɓi takardar rajistar masu kawo kaya, in karanta abin da suke nema wanda ba ni da shi. Kafin a kai ga farashi zan tambaye shi kwana nawa suke ɗauka kafin su biya, in kuma nemi sunan mutum biyu da ke kawo musu kaya, in je in ji daga bakinsu.